Kantar Dagi a Karen Farauta: Yadda Za Ka Gane Ta da Yadda Za Ka Yi Maganinta

Idan kana da karen farauta, ko karen da yake tsaron garkenka, ka san cewa amfanin kare yana ƙafarsa. Karen da ba ya iya gudu ba ya kama zomo, ba ya korar dila daga awaki. Wannan bayani ya shafi wani ciwo da yake ƙarami a ido, amma yana iya hana kare aiki shekara da shekaru. Ciwon shi ne kanta mai tauri da take fitowa a tafin yatsan kare. A nan za mu kira ta kantar dagi. Dagi shi ne tafin ƙafar kare, wurin da yake taka ƙasa da shi.

Sau da yawa mai kare yakan ga karensa yana ɗingishi, sai ya ɗaga ƙafar ya nemi ƙaya. Bai ga ƙaya ba, bai ga jini ba, bai ga kumburi ba. Sai ya ce targaɗe ne, ko tsufa ne, ko kuwa karen ya zama raggo. Wani ma yakan ɗauki allura ya yi ta tonon dagin yana neman ƙayar da babu ita, har ya jawo wa kare gyambo. Idan ka karanta wannan bayani za ka san abin da za ka duba kafin ka taɓa allura ko reza.

Wane irin kare ne yake kamuwa da ita?

Kusan kullum kantar dagi tana kama karnuka masu siririn jiki da dogayen ƙafafu, masu zurfin ƙirji da shafaffen ciki, waɗanda suke farauta da ido da gudu. A Ingila da Amurka da Ostareliya akwai irinsu da ake kira Girehawun, ana sa su tsere. Gudunsu yana kai kilomita 70 a awa ɗaya. A jikinsu ne likitocin dabbobi suka fi nazarin wannan ciwo. Binciken da aka yi a kan waɗanda suka bar tsere ya nuna cewa kamar 2 zuwa 6 daga cikin kowane 100 suna da kantar.

Ba sai ka je Turai za ka ga kare mai wannan ƙira ba. Jihar Tawa tana da nata. Arewa da garin Tawa, wajen Abalak da Cintabaradan, akwai kwarin Azawak, kuma da sunan wannan kwari duniya ta san karen da Abzinawa suke kira oska. Tun wajen 1970 aka fara kai shi Turai, inda yanzu ake lissafa shi cikin dangin karnukan gudu. Makiyaya suna saukowa da irin waɗannan karnuka zuwa Adar da rani, suna haɗuwa da karnukan gida. Saboda haka a Badagishiri da Illela da Malbaza da ƙauyukan Birnin Ƙonni za ka ga karnukan farauta da yawa masu dogayen ƙafafu, har kana iya ƙirga haƙarƙarinsu ko da sun ƙoshi. Idan karenka haka yake, wannan bayani naka ne. Karen da ya manyanta ya fi ɗan kwikwiyo kamuwa da ita.

Yadda dagin kare yake

Ka kifar da ƙafar karenka ta gaba ka duba. Za ka ga yatsu 4 da suke taɓa ƙasa. Kowane yatsa yana da farce, kuma a ƙarƙashinsa akwai wata ƴar tsoka mai kaurin fata, kamar ƙaramin matashin kai. A tsakiya kuma akwai babban matashi guda ɗaya. Waɗannan matasai su ne takalman kare. Fatarsu mai kauri ce, kuma a cikinta akwai kitse mai laushi da yake tsakanin fata da ƙashin yatsa. Duk lokacin da kare ya taka ƙasa, wannan kitse ne yake karɓar nauyin.

Ƙafafun gaba sun fi na baya ɗaukar nauyi. Kamar kashi 60 cikin 100 na nauyin kare a kansu yake. A cikin yatsu huɗun nan kuma, biyu na tsakiya su ne suka fi tsawo, su ne suka fi shan wahala. Karen gudu ba shi da kitse sosai a jikinsa, kuma dagin nasa siriri ne. Saboda haka ƙashin yatsa yana danna fata daga ciki, ƙasa mai tauri tana danna ta daga waje. Fatar da ta daɗe tsakanin abu biyu masu tauri sai ta yi kanta, kamar yadda hannun manomi yake yi da ƙotar hauya.

Amma akwai bambanci. Kantar hannunka a shimfiɗe take a kan fata, tana ma kare ka. Kantar dagi kuwa dunƙulalliya ce, kuma tana da tsini da ya nufi ciki, kamar ƙaramar ƙusa. Girmanta daga ƙwayar dawa ne zuwa ƙwayar wake. Idan kare ya taka wuri mai tauri, sai tsinin ya soki naman da ke ciki. Ka tuna yadda kake ji idan tsakuwa ta shiga takalminka, sa'an nan ka ɗauka cewa ba ka da ikon cire ta.

A shekarar 2010 wani likitan dabbobi na Ingila mai suna Mike Guilliard da abokan aikinsa suka wallafa abin da suka gani a jikin karnuka 30 masu kanta. Kusan 9 cikin kowace kanta 10 a ƙafar gaba take, kuma kusan 9 cikin 10 a yatsu biyun nan na tsakiya. Wannan ya ƙarfafa ra'ayin cewa nauyi da dannawa ne babban dalili. Akwai wasu abubuwa da suke taimaka mata. Yatsan da ya taɓa karyewa ko gocewa ya warke a karkace yana taka ƙasa ba daidai ba. Farcen da ya yi tsawo yana murɗa yatsa. Wani lokaci kuma ɗan guntun kwalba ko tsinin ƙaya ne yake maƙalewa, fata ta yi tauri kewaye da shi. Kantar dagi ba ta yaɗuwa daga kare zuwa kare, kuma mutum ba ya ɗaukarta.

Ƙasar Adar ba ta da sauƙi ga irin wannan ƙafa. Wanda ya san Badagishiri ya san cewa kwarin yana da yashi da fadama, amma da ka hau tudu sai fako da marmara da tsakuwa. Ga kuma hanyar kwalta da ta taso daga Tsarnawa ta ratsa gari ta nufi Tawa. Karen da aka haifa don gudu a kan rairayi, a nan rabin yininsa a kan dutse yake.

Alamar da ta fi kowace muhimmanci

Wannan ƙasa tamu mai yashi da dutse kusa da juna ita ce kuma za ta taimake ka ka gane ciwon. Ka ɗaura wa karen igiya, ka ja shi a hankali a cikin yashin ƙorama ko a jigawa. Ka lura da tafiyarsa. Sa'an nan ka hau da shi kan fako, ko tsakuwa, ko daɓen siminti. Idan a yashi yana tafiya lafiya, har yana gudu, amma da ya hau wuri mai tauri sai ya fara ɗingishi, to ka yi zaton kanta. Targaɗe da karaya da ciwon gaɓa ba sa rabuwa da kare don ya shiga yashi. Kanta kuwa yashi yana rufe ta, domin yana lotsawa ƙarƙashinta.

Akwai wasu alamu da suke biye da wannan. Kare mai kanta yakan kauce wa hanya ya bi gefe inda ƙasa take da laushi. Idan yana tsaye yakan ɗaga ƙafa ɗaya, ko ya ajiye ta sama-sama. Idan ƙafar gaba ce, za ka ga yana ɗaga kai duk lokacin da ya taka ta. Farcen yatsan da yake ciwo yakan fi sauran tsawo, domin ba ya goga shi a ƙasa. Wani karen yakan yi ta lasar wurin. Kuma ciwon ba ya zuwa rana ɗaya. A hankali yake ƙaruwa, mako bayan mako.

Kada zafin farauta ya ruɗe ka. Kare mai zuciya idan ya ga zomo yakan manta da ciwo ya bi shi a guje. Sai a hanyar komawa gida ne za ka ga yana jan ƙafa a bayanka. Mutane da yawa a nan suke kuskure, su ce ai da yana ciwo da bai yi gudu ba.

Yadda za ka duba dagin

Kafin ka taɓa shi, ka kiyaye kanka. Kowane kare yana iya cizo idan aka matsa masa wurin ciwo, ko da kai ka rene shi. Ka sami tsumma mai faɗi ka ɗaure masa baki: ka zagaya bakin, ka ƙulla a ƙarƙashin haɓa, ka kai bakin tsumman bayan kunnuwa ka sake ƙullawa. Kada ka bar shi a ɗaure ya daɗe, musamman da zafin rana, domin ta baki kare yake fitar da zafin jikinsa. Ka yi aikin da safe ko da yamma, a inuwa. Ka sami babban mutum wanda karen ya sani ya riƙe maka shi a kwance. Kada ka sa yaro.

A kula ƙwarai: idan karen yana dalalar da miyau, ko halinsa ya sauya farat ɗaya, ko yana cizon duk abin da ya gani, ko ƙafafunsa na baya suna mutuwa, kada ka taɓa shi. Wannan yana iya zama ciwon haukan kare, kuma yana kashe mutum. Ka nisanta yara, ka sanar da ma'aikacin kiwo. Duk wanda kare ya ciza, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar.

Idan babu waɗannan alamu, ka wanke dagin da ruwa ka cire ƙura. Jiƙaƙƙen dagi ya fi nuna kanta. Ka duba matasan yatsu ɗaya bayan ɗaya da haske mai kyau. Abin da kake nema shi ne ɗan da'ira, kamar ido, wanda launinsa ya ɗan fi na kewaye haske, ko ya yi toka-toka. Wani lokaci ya ɗan taso, wani lokaci a shafe yake. Ka shafa da ɗan yatsanka, za ka ji ya fi sauran wurin tauri, kamar ƙaho.

Sa'an nan ka kama matashin yatsan ta gefe da gefe, ka matsa a hankali. Ka fara da yatsun da kake ganin lafiyarsu lau, don ka san yadda karen yake yi idan ba ya jin ciwo. Idan ka zo kan mai kanta, zai fizge ƙafar. Ka duba dukan ƙafafu huɗu, domin kare ɗaya yana iya samun kanta biyu ko uku. Idan ka gama ka wanke hannunka da sabulu.

Abubuwan da suke kama da ita

A ƙasarmu yawancin ɗingishin kare ba kanta ba ce, kuma ya kamata ka san haka. Ƙaya ce ta fi yawa: ta aduwa, ta bagaruwa, ta tsidau. Ɗingishin ƙaya nan take yake farawa, kuma za ka ga ƴar huda, ko jini, ko mugunya bayan kwana biyu ko uku. Ƙarangiya takan maƙale tsakanin yatsu, musamman da kaka. Kaska ma tana ɓuya a nan. Ka buɗa yatsun ka duba tsakaninsu.

Da bazara kwalta da dutse suna ƙona dagi. Za ka ga fatar ta saɓule, ta yi ja, kuma yawanci ƙafa fiye da ɗaya. Da hunturu dagi yakan yi kaushi da faso, amma faso tsaga ce doguwa, ba da'ira ba. Idan kuwa yatsan ya kumbura, yana da zafi, ko yana wari, ko farcen ya tsage, wannan wani ciwo ne dabam da yake bukatar ma'aikacin kiwo. Kanta busasshiya ce. Ba ta jini, ba ta ruwa, ba ta wari.

Abin da za ka iya yi a gida

Gaskiyar magana ita ce, babu maganin shafawa ko na sha da yake kashe kantar dagi har abada. Abin da za ka yi a gida shi ne ka tausasa ta, ka rage ta, ka kuma rage nauyin da yake kanta. Wannan kaɗai yakan isa kare ya koma tafiya daidai. Amma aiki ne na maimaitawa, kamar yankan farce.

Ka fara da jiƙo. Ka zuba ruwa mai ɗumi a kwano, wanda hannunka zai iya jurewa ba tare da jin zafi ba. Ka sa dagin a ciki na minti 10 zuwa 15. Ka tsane shi da tsumma mai tsabta. Sa'an nan ka ɗauki dutsen goge kaushi, ka goge saman kantar a hankali har ta yi daidai da sauran fatar, ko ta ɗan faɗa ƙasa da ita. Kantar kawai za ka goga, ban da lafiyayyar fatar da ke kewaye. Matacciyar fata ce, saboda haka kare ba ya jin zafin gugar. Idan ya fara fizgewa, ko ka ga wurin ya yi ja, ka kai ga nama mai rai. Ka tsaya nan.

Bayan haka ka shafa man kaɗe ko basilin, ka murza shi ya shiga. Ka riƙe karen na ɗan lokaci don kada ya lashe man nan take. Ka riƙa shafa man safe da yamma, jiƙo da guga kuma sau biyu ko uku a mako. Bayan kwanaki za ka iya ganin gefen kantar ya fara rabuwa da fata. Idan ta yi laushi har tana motsi, kana iya ɗaga ta da farcenka bayan jiƙo, ta fito kamar ƙwayar hatsi, ta bar ɗan rami. Idan ta ƙi, ka bar ta. Kada ka tilasta. Ramin da ta bari ka wanke shi da ruwan gishiri, wato ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a rabin litar ruwan da aka tafasa ya huce. Ka hana karen yawo cikin ƙazanta kwana biyu ko uku.

Ka rage masa farce. Dogon farce yana tura yatsa baya, yana ƙara danna kantar. Ka riƙa yanke tsinin kaɗan kaɗan, domin akwai jijiyar jini a cikin farce. Idan farcen baƙi ne ba ka ganin inda jinin yake, gogewa ta fi yankewa.

Sai takalmi. Wataƙila maƙwabta su yi maka dariya, amma a Turai takalmi yana cikin abubuwan da suka fi taimaka wa karnuka masu kanta, kuma yashi ya riga ya nuna maka dalili. Kowane baduku a kasuwar Badagishiri zai iya ɗinka shi. Ka sa karen ya taka takarda, ka zana girman dagin, ka kai masa. A yi ƴar jaka ta fata mai laushi, a sa wa ƙasanta robar cikin taya, a shimfiɗa soso ko auduga a ciki. Maɗaurin ya zama mai faɗi, na fata ko na tsumma. Idan ka ɗaura, ɗan yatsanka ya iya shiga tsakanin maɗauri da ƙafa. Kada ka taɓa ɗaurewa da zaren roba ko waya, domin suna tsayar da jini, ƙafa ta kumbura, har ta ruɓe. Ka sa masa takalmin idan za ku bi dutse ko kwalta, ka cire idan kun dawo. Kada ya kwana da shi, kada kuma a bar shi da jiƙaƙƙen takalmi.

Ka kuma dubi inda yake kwana da inda ake ɗaure shi. Idan daɓe ne ko tsakuwa, ka zuba masa yashi.

Abin da ba za ka yi ba

Kada ka tona kanta da allura, ko wuƙa, ko reza, kana neman saiwarta. Tsakanin fatar dagi da ƙashi tazara kaɗan ce. Ramin da ka yi zai cika da ƙasa, ya zama gyambo, kuma tabon da zai bari yana iya fin kantar ciwo. Kada ka yi mata sakiya ko lalas da ƙarfe mai zafi. Kada ka zuba baƙin mai, ko kananzir, ko ruwan batir, ko maganin ƙwari na gona. Maganin kanta na mutane da ake sayarwa a kantin magani yana cin fata, kuma kare zai lashe shi.

Mafi haɗari shi ne ba kare ƙwayoyin ciwon jiki na mutane. Ibuprofen da Diclofenac, waɗanda masu tallan magani suke yawo da su a kasuwa, suna huda cikin kare, suna lalata masa ƙoda. Kaɗan daga cikinsu yana iya kashe shi. Paracetamol ma kada ka ba shi sai likitan dabbobi ya auna. Allurar kashe ƙwayoyin cuta kuma ba ta yi wa kanta kome, asarar kuɗi ce kawai.

Lokacin da za ka nemi likitan dabbobi

Idan ka yi wata guda kana jiƙo da guga amma ɗingishi bai ragu ba, ko wurin ya kumbura, ko karen ya daina taka ƙafar ko a yashi, ka kai shi ma'aikatar kiwo mafi kusa da kai. Ka gaya wa ma'aikacin abin da ka gani a yashi da abin da ka gani a kan dutse, ka nuna masa yatsan. Yawancin aikinsa a kan shanu da tumaki da raƙuma yake, saboda haka bayaninka zai taimake shi.

Abu na farko da likita yake yi shi ne ɓanɓaro kantar da wani ɗan ƙarfe mai tsabta, ba tare da yanka nama ba. Sau da yawa kare yakan sami sauƙi a ranar. Amma kantar takan dawo bayan makonni ko watanni, sai a sake. Wannan ba kuskuren likita ba ne. Abin da ya haifar da ita, wato dannawar ƙashi, yana nan.

Hanya ta biyu ita ce a sa wa kare maganin barci, a yanke kantar da naman da ke kewaye da ita, a ɗinke. Ana bukatar makonni kafin dagi ya warke, kuma a fiye da rabin karnukan da aka yi wa haka kantar ta dawo daga baya. Saboda haka likitoci da yawa ba sa fara wa da ita.

Hanya ta uku sabuwa ce, kuma likitan nan Guilliard ne ya yaɗa ta. Ba a taɓa kantar ko kaɗan. Akwai jijiyar da take lanƙwasa yatsa, tana sa shi ya danna ƙasa. Likita yana yin ɗan ƙaramin yanka ya tsinke wannan jijiya ta yatsan mai ciwo. Sai yatsan ya miƙe, nauyi ya sauka daga kansa. Yawancin karnuka sukan daina ɗingishi cikin mako guda, kantar kuma takan fita da kanta cikin kamar wata biyu. Illarta ita ce yatsan zai zauna a shimfiɗe, dole a riƙa rage farcensa, kuma wani lokaci kanta takan fito a yatsan da ke kusa, domin nauyin ya koma kansa. Wannan aikin ƙwararren likita ne da kayan aiki masu tsabta. Ba aikin wanzami ba ne, ba kuma naka ba. Jijiyoyi da hanyoyin jini a jere suke a wurin, kuma wanda ya tsinke wadda ba ita ba ya gurgunta karen. Irin wannan aiki sai a babban gari. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, alal misali, tana da asibitin koyar da likitocin dabbobi. Cire yatsa gaba ɗaya shi ne mataki na ƙarshe, idan kome ya gaza.

Idan za a sa wa karenka maganin barci, ka tuna wa likita cewa siririn karen gudu ne. Irin waɗannan karnuka suna daɗewa ba su farfaɗo ba daga wasu magungunan barci, musamman wanda ake kira Thiopental, saboda ƙarancin kitsen jikinsu da yadda hantarsu take aiki. Tun da ka kai shi, ka nemi a yi masa allurar rigakafin ciwon hauka, ka kuma tambayi ranar da za a sake ta.

Bayan ya sami sauƙi

Karen da ya taɓa yin kanta yana iya sake yi, a yatsan nan ko a wani. Ka zaɓi rana ɗaya a mako, kamar ranar kasuwa, ka riƙa duba dagoginsa huɗu, ka shafa musu man kaɗe, musamman da hunturu. Kada ka mayar da shi farauta a kan dutse rana ɗaya. Ka fara da gajeriyar tafiya a yashi, ka riƙa ƙarawa. Da bazara, ka ɗora bayan hannunka a kan kwalta ko dutse kafin ku bi. Idan ba ka iya barinsa a wurin kana ƙirga ɗaya zuwa bakwai, ku jira yamma ko ku bi gefen hanya.